Ba Laifin Kujera Ba Ne

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, shugaban wannan asibiti, likitoci da ma'aikatan jinya, iyayenmu mata, 'yan'uwana direbobin manyan motoci, da sauran jama'ar da suka cika wannan zaure, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da kuka ba tsohon direba lasifika a ranar buɗe sabon ɗakin gwajin sankarar furostet, wato 'yar ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Wallahi yau farin ciki ya cika ni, kuma ba don kaina kaɗai ba, har don yayana da ke zaune can baya yana hararata.

Maganata ta farko ga abokan sana'a ce. Mu direbobi komai ya same mu sai mu ce kujera ce. Baya ya riƙe, kujera. Fitsari ya dinga zuwa kaɗan-kaɗan, kujera. Maganin da muka ƙirƙiro kuwa shi ne mu daina shan ruwa a hanya, don kada a ga mutum yana yawan tsayawa a ce ya tsufa. Mu canza katifar kujera, mu ƙara matashi, ciwo kuwa yana can yana aikinsa. Yayana, wanda ya koya mini riƙe sitiyari, haka ya yi ta ƙona kansa da ƙishirwa, alhali sankarar nan ce ta ɗauke mahaifinmu.

Ta biyu, abin da ya faru da ni. Gwajin jinina ya nuna alama, aka ɗebo ɗan nama daga furostet da allura, nan da can, ba a ga komai ba. Na koma tasha ina taƙama, amma alamar jinin ba ta daina hawa ba. Sai wata likita, sa'ar 'yata, ta ce, "Baba, wancan karon an ɗeba ne daga wurare daban-daban da fatan a dace. Yanzu sai mun ga wurin tukuna."

Aka tura ni wani asibiti mai nisa, aka shigar da ni na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, tana ta ƙara kamar injin da ya rasa mai. Hoto ya fito da ɗan tabo a wani lungu da allurar farko ba ta kai ba. Ranar ɗiba kuwa sai suka ɗora wannan hoto a kan na sikanin, aka kashe mini wurin, allura ta tafi kai tsaye inda aka nufa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na ji kunya, na ji tsoro, amma kafin in gama tsoron an gama aikin. Sankara ce, ba ta yaɗu ba, aka yi mini aiki, ga ni tsaye a gabanku.

Ta uku ita ce ta kawo ni. Na roƙi yayana ya je, ya ce nisa. Matarsa ta roƙe shi, ya ce nisa. To yau nisa ya ƙare, ɗakin yana bayan wannan bango. Da safen nan na je ɗaukarsa. Ya sa aka kawo masa ruwa cike da kofi, ya shanye a gabana, ya ce, "Kai za ka tuƙa, kuma duk inda na ce ka tsaya, ka tsaya. In an gama jawabai ka kai ni wajen yarinyar nan, likitarka."

Likita, ga yayana na kawo miki. Ba ni da wani sai shi.

Allah ya sa a gani da wuri, ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙara wa likitocinmu basira, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.