Yadda Na Koyi Karɓar Baƙi a Kwance

’Yan’uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu. Bara war haka ba na iya zama a kan benci, ba na iya hawa mota in ƙetare gada zuwa Khartoum sai na yi ta cije leɓe. Yau da ƙafata na zo, na zauna tare da ku tun daga waƙar farko. Yabo ga Ubangiji!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ishaku. Gyaran injinan ban ruwa ne ya yi ta yawo da ni, daga Jos zuwa Kano, Njamena, Duwala, har ya sauke ni nan Omdurman da furfurata. Ni da mai ɗakina Rahila, Maman Dauda, mun daɗe a unguwar nan.

Wani ƙullutu ne ya fito mini a ƙasan gadon baya, daidai inda mutum yake zama. Na ɓoye shi har ya kumbura ya fara ruwa. Likita ya yi tiyata ya cire, amma bai ɗinke ba. Ya ce irin wannan ciwo daga ciki yake cikowa, kullum a wanke da ruwan gishiri, a cusa bandeji mai tsabta, a rufe. Ya kuma kafa mini doka: in kwanta rub da ciki ko ta gefe, in ɗan taka a tsakar gida, amma kada in zauna.

Na ce to. Da Larabci na ce, da Turanci na maimaita, don ya san na gane.

Wankin ciwon nan, ’yan’uwa, ba wasa ba ne! Wata ma’aikaciyar jinya ta koya wa Maman Dauda. Ta tafasa ruwa, ta sa gishiri, ta bari ya huce, ta wanke hannu har gwiwa. Fitar da tsohon bandeji shi ne wurin kuka. Kun san yadda magani ya yi wuya a gari cikin shekarun nan, sai a zaga kantuna a dawo hannu wofi. Ƙwayoyin rage zogi da muka samu kaɗan ne, saboda haka muka koyi shan ɗaya kafin wanki, sauran yini kuwa in jure.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya kusa kayar da ni, baƙi ne.

Na ga dubiya a ƙasashe da dama. A Jos a ce maka sannu, a yi addu’a, a tafi. A Duwala a aiko da abinci. Amma ban ga inda ake dubiya kamar Omdurman ba. Mutum ya zo da matarsa da ’ya’yansa, ya ce “Salamtak,” wato Allah ya ba ka lafiya, ya zauna a sha shayi, wani ya shigo, har abincin rana ya same su. Ƙauna ce tsantsa, ban taɓa raina ta ba.

Sai dai ni dattijo ne. Yaya za a yi maƙwabci ya shigo da iyalinsa ya tarar da ni a kife a kan gadon igiya kamar jariri? Da na ji sallama sai in sa jallabiya, in hau kujera, in yi ta murmushi, gumi yana keto mini. Maman Dauda ta harare ni, in kau da kai.

Ciwo ya buɗe. Ya fara wari, zazzaɓi ya kama ni. Da muka koma asibiti, likita ya duba ya ce, “Zama ka yi ta yi.” Ba tambaya yake yi ba. Ya ba ni allura, ya ce idan ban daina ba zai sake yanka, kuma wannan karon zai faɗaɗa.

Washegari da safe Maman Dauda tana wanke ciwon, ina cije matashi, sai ta dakata. Ta ce, “Baban Dauda, ni nake ganin ramin nan, kai ba ka gani. Abin da na gina da safe, kai kake rushewa da rana. Na gaji.”

A kifen nan na yi addu’a. Na ce, “Ya Yesu, kai da aka tuɓe a gaban jama’a saboda ni, ga ni ina jin kunyar kwanciya a ɗakina. Ka cire mini wannan kunya, ka warkar da ni yadda ka ga dama.” Ta ce amin tana kuka. Zogin bai tafi ba, amma zuciyata ta kwanta.

Ranar nan da la’asar sai ga sallama. Fastonmu ne da dattawa biyu, a bayansu kuma maƙwabcina Alhaji Usman, wanda iyayensa suka yi noman auduga a yankin Jazira, shi kuma yake sayar da yadi a kasuwar Suk al-Arabi. Jikina ya yunƙura da kansa zai tashi. Na riƙe ƙafar gado na ce, “Ku shigo, ku gafarce ni, likita ya hana ni zama.”

Sai Alhaji ya tuntsire da dariya.

“Malam Ishaku! Shekara nawa ina kiran ka mu yi sujada kana ƙi? Ga shi likita ya kifa ka ba gardama!”

Na ce, “Alhaji, tawa ta fi taka tsawo. Kai ka ɗago, ni sai wata mai zuwa.”

Har fasto sai da ya share hawayen dariya. Alhaji ya ture kujerar da aka miƙa masa, ya ce, “Maman Dauda, ba ni tabarma, bawan Allahn nan ba zai yi ta kallon ƙafafunmu ba.” Ya zauna a ƙasa daidai kaina. Sauran ma suka sauko. Muka sha shayi fuska da fuska, ni ina kurɓa ta gefe. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Duk wanda ya zo, a ba shi tabarma. Ku ce ni na faɗa.”

Haka aka yi. Na karɓi unguwa guda a kwance, ba wanda ya raina ni. Warin ya ɗauke, zazzaɓi ya sauka. Wata safiya Maman Dauda ta ce, “Yau bandejin da na yanka ya yi yawa.” Nama yana cikowa! Da muka koma, likita ya duba ya ce babu sauran maganar wuƙa. Haleluya!

Ina gode wa Allah saboda hannun likita, da hannun matata, da maƙwabcin da ya ba ni. Wanda yake jinya a cikinku, ya dogara ga Yesu, ya sha maganinsa, ya bi abin da aka gaya masa ko da a gaban manya ne. Ubangiji bai yashe ni ba, ba zai yashe ku ba.

Ni kam tun daga lokacin, idan na je dubiya, tun daga bakin ƙofa nake cewa, “Kada ka tashi.” Sai in nemi tabarma in zauna inda zai gan ni ba tare da ya motsa ba. Amin.