Kujerar Taraktar Mahamadu

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ce Hadiza daga Ibohamane. Maigida lafiya lau, yara ma haka, tsohuwa ta samu sauƙin tari. Wanda ba shi da lafiya ɗana ne Mahamadu, direban tarakta.

Kujerar taraktarsa mai iska ce. Akwai ɗan ƙaramin injin da ke hura ta, makanikai suna ce masa kwamfaresa. Tun da injin ya mutu, kujerar ta zama kamar turmi. Kun san duwatsun Adar. Yanzu yaron nan a zaune yake sallah saboda ciwon baya.

Babansa ya ce a shimfiɗa buzu, wai haka kakanninsa suka yi a kan raƙumi. An shimfiɗa har biyu, babu abin da ya sake. Sai kawunsa Abdu ya je Tawa, ya tarar da kwamfaresa iri biyu, mai lamba 12 da mai 24. Ya ce zai ɗauko mai 24, wai babba ya fi ƙarfi. Na ce: "Yaya, ni a jikin batirin taraktar, 12 na karanta." Ya ce: "Ke da kika koyi baƙi jiya?"

Haba jama'a! Don Allah makanikin da ke saurare ya raba mu: wanne za a saya? A amsa kafin Lahadi, ranar da Abdu zai koma kasuwa. Daga bakina ba zai ji ba, amma rediyo ba ya yi mata gardama.