Huɗuba ta Waya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni Bakano ne, ina fataucin jakunkuna a birnin Guangzhou na ƙasar China. Matata 'yar China ce. Ta je haihuwa gidan iyayenta a tsibirin Hainan, ta haifa mana ɗa namiji.

Na sayi dabino na kama hanya har bakin teku. Wajen shiga jirgin ruwa aka ce sai da fasfo, nawa kuwa yana ofishin biza, gasar Olamfik da za a yi a China ta sa sabunta biza ya yi wuya. Ina ji ina gani jirgin ya tashi.

Na kira matata, ta kara wayar a kunnen jaririn, na yi masa huɗuba ina kuka. Kwanansa uku a duniya Allah ya karɓi abinsa.

Malamai, don Allah, huɗuba ta waya ta karɓu? Ita kaɗai na samu na yi masa.