Robar Tiyo a Kan Bireka

Ganganci ne mutum ya toshe bakin abin da ke yi masa gargaɗi. A tashar Kura na ji wannan zance, muna jiran mota ta cika, tsakanin wani manomi da wani mai gyaran wuta.

"Malam, na ga jakarka, wuta kake gyarawa? Birekar gidana ce ta ishe ni. Da an jona hitar dafa ruwa sai ta faɗi, wuta ta ɗauke. Amma na yi maganinta."

"Da me, Baba?"

"Da robar da muke ɗaure tiyon ban ruwa. Na ɗaure ta tamau, yau kwana uku ba ta faɗi ba."

"Innalillahi! Ai faɗuwar nan ita ce aikinta. Waya ce ke ɗaukar zafi, shi ya sa birekar take yanke wutar kafin ta kama. Ba kwa jin ƙauri?"

"Matata Murja ta ce tana ji. Na ce girkinta ne."

"Akwatin birekar yana ina?"

"Ɗakin ajiya, bayan buhunan shinkafa. Ai tun asuba babu wuta."

"Baba, dubi ƙwan shagon can, tun ɗazu aka kawo! Hitar tana jone?"

"Jone na bar ta."

"Kira gida yanzu!"

"Ba ta ɗauka, wallahi ba ta ɗauka. Yauwa, Murja! Me? Hayaƙi? Fito da yaran! Ki bar buhunan, na ce ki bar su!"

Washegari labari ya iso tasha. Ba a rasa rai ba. Amma buhu goma sha huɗu na shinkafa, da irin albasar bana, da rufin ɗaki biyu, duk sun zama toka.