Tsagen Fuskata da Na'urar Leza

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa!

Ni ce Saratu, mai sayar da masa a unguwar Coal Camp. Da tsage uku-uku a kumatu na zo Inugu, irin na gidanmu, aikin wanzami tun ina jaririya. Yaran layi kan ce kyanwa ce ta yakushe ni. Ina dariya, amma abin yana cin raina.

Sai wata mai gyaran gashi ta ce ta kawo na'urar leza, tana share tabo tas. Ban yi addu'a ba, ko maigida ban shawarta ba, na je na miƙa mata fuska.

Wayyo! Bayan sati biyu fatar ta saɓule, sabuwar ta fito baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Garin neman gira na rasa ido! Na daina zuwa zumuntar mata, na koma rufe fuska da gyale. Mai gyaran gashin ta ce in dawo ta sake yi, baƙin zai fita.

Ran da zan koma, har na tare okada, zuciyata ta ƙi. Na juya ɗaki na durƙusa ina kuka: "Ubangiji, kai ka yi fuskar nan, ni na ɓata ta. Ka nuna mini hanya."

Ina tashi sai ga sallamar maƙwabciyata, Hajiya Talatu. Na faɗa mata inda na so komawa. Ta ɗaga gyalen, ta ce, "Maman Bitrus, wallahi ba za ki koma ba. Tashi mu je asibiti."

Likitar fatar, baiwar Allah mai haƙuri, ta riƙe haɓata ta daɗe tana dubawa. Ta ce baƙar fata irin tamu in ta sha zafin leza, baƙi take ƙarawa, kuma da na koma, da wuya tabon ya fita. Ta ba ni man shafawa da na kare rana, ta hana ni zama gaban wuta.

To, masar fa? Hajiya ta ce, "Ni zan zauna kan tanda." Wata huɗu matar nan tana shan hayaƙi saboda ni, ko sau ɗaya ba ta yi tsaki ba. Wa ya aiko ta in ba Allah ba?

Baƙin ya washe a hankali, saura ɗan kaɗan. Ku matso ku gani, haleluya! Na gode wa Ubangiji. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, kuma kafin ku miƙa wa wani jikinku, ku tambayi wanda ya halicce shi. Amin.