Gishirin da Na Ƙulle a Bakin Zane

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Saraya. Yawancinku kun san ni, kun kuma san bakina.

Bara ƙafafuna suka kumbura. In na je rijiya sai na tsaya sau uku ina haki, in na kwanta kuma numfashi ya ƙi, sai dai in jingina da bango. Ɗana Yohanna, malamin makaranta, ya je garinmu Garaku a sabon babur ɗinsa ya ɗauko ni ya kawo ni nan Keffi, gidansa da ke Tudun Ƙofa.

A asibiti likita ya yi ta Turanci da Yohanna da matarsa Rifkatu, ni ina zaune kamar buhun gero. Da muka fito Yohanna ya ce, "Mama, hawan jini ya sa zuciyarki ta yi tauri, ba ta sakewa ta karɓi jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa yake taruwa a jikinki. Za ki sha ƙwaya kullum, kuma babu gishiri, babu kanwa."

Na ce to. Amma a raina na ce, wa ya ji abin da suka faɗa wa likitan?

Tun daga ranar Rifkatu ta ware mini ƙaramar tukunya. Ku gaya mini, a ina ake dafa wa mutum ɗaya miyarsa daban in ba da wata manufa ba? Miya salam, ba gishiri ba kanwa. Ƙwayar kuma ita take miƙo mini da hannunta, ta tsaya sai na haɗiye, ina sha sai fitsari ba tsayawa. Na ce lallai yarinyar nan so take ta tsiyaye ni in bushe.

Sai na fara dabara. In ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, in tofar a bayan gida. Na sayi gishiri na ƙulle a bakin zanena, ina barbaɗawa in ta juya baya. Jiki ya ƙara kumbura, na ce kun gani, aikinta ne.

Ban tsaya nan ba. Na bi wasunku a zumuntar mata ɗaya bayan ɗaya na raɗa muku cewa surukata tana sa mini abu a abinci. Kuka daina sayen ƙosan da take sayarwa. Na ce wa Yohanna ya zaɓa, ko ni ko ita. Yaron ya rame. Ita kuwa da safe sai ta durƙusa ta ce, "Mama, ga maganinki," idonta jajur.

Wata ranar Alhamis, a ɗakin sujadar nan, na durƙusa da ƙyar na ce, "Ya Ubangiji, ka nuna mini mai neman raina, ka tona asirinsa." Ina sunkuyawa ƙullin ya kwance, gishiri ya zube a kan tabarma a gabana. Na daɗe ina kallonsa. Babu wanda ya sa mini shi. Ni na saya, ni na ƙulla. Kunya ta kama ni, na yi kuka sosai.

Na koma asibiti na faɗa wa likita gaskiya. Ya yi mini faɗa, ya ce taurin ba zai tafi ba, amma in na kiyaye zan daɗe. Yau wata biyar ina shan ƙwayata. Ga ƙafafuna, takalmi ya shiga, kuma da su na tako nan.

Saura abu ɗaya. Rifkatu, tashi su gan ki. A ɓoye na ɓata sunanki, don haka a fili zan wanke shi. 'Yan'uwa, abin da na faɗa muku ƙarya ne. Yarinyar nan ita ta riƙe raina ina zaginta. 'Yata, ki yafe mini.

Na gode wa Yesu da ya amsa addu'ata, ko da yake ba yadda na so ba. Ku dogara gare shi, ku sha maganinku. Amin.