Kwana Tara da Na Hana Majo Ganin Mijina

Salamar Yesu Almasihu ta tabbata gare ku, 'yan'uwa. Haleluya!

Sunana Saratu, matar marigayi Yohanna na Korgom. Yawancinku kun zo mini gaisuwa, kun yaba mini jinya. Akwai abin da ba ku sani ba, shi na taso in faɗa ko da zai ba ni kunya.

Shekara guda kafin korona, lokotoro a Yamai ya gaya mana ciwon daji ne a hantar maigidana, kuma ya wuce a yi aiki. Ya ce abin da ya rage shi ne a rage masa zafi, ya ci abinci, ya yi barci, ya zauna da iyalinsa. Ya rubuta mana ordonansi, takardar magani, ya ba mu randebu, ranar da za mu koma. Duk wata wani direba ke kawo maganin zuwa Tasawa, in hau moto, wato babur, in karɓo a tasha. Da maganin nan Yohanna har gona yake leƙawa a amalanke.

Sai cutar ta zo. Aka rufe Yamai, ba shiga ba fita. Aka rufe majami'u da masallatai. Ranar randebu ta zo ta wuce muna gida. Ƙwayoyin da suka rage na riƙa raba su biyu, daga baya huɗu, har kwalbar ta zama wayam.

Wayyo, 'yan'uwa! Kada Allah ya nuna muku babban mutum yana cizon zane don kada 'ya'yansa su ji ihunsa.

A nan Shaiɗan ya sami hanyar shiga zuciyata. Direban ya ce ba hanya, na ce ƙarya ne, sayar da maganinmu ya yi. Matan zumunta suka daina shigowa, sai sallama daga bakin zaure. Na ce dama can ƙyamarsa suke yi, yanzu sun sami hujja. Maƙwabciyata Rabi, musulma ce, mun fi shekara ashirin muna daka a turmi ɗaya, ta riƙa ajiye mana kunu a ƙofa. Na ce don me ba ta shigowa? Me ta zuba a ciki? Na juye wa awaki, na tsaya ina kallo in ga ko za su faɗi.

Ana haka Yohanna ya fara tari. Gari kuwa ya cika da magana, wai duk wanda aka ji yana tari ɗauke shi za a yi, in ya mutu ko gawarsa ba za a ba danginsa ba.

Wata safiya na ji moto ta tsaya a ƙofar gida. Majo ne, babban malamin likita, wato asibitin garinmu, hancinsa da bakinsa a rufe, da jaka a kafaɗa. Na tare ƙofa da jikina.

Ya ce, "Madam Saratu, ina mai jiki? Na ji maganinshi ya ƙare."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Ki bari in gan shi."

"Ba ya nan. Ya tahi Kona wurin ƙanenshi."

Ban rufe baki ba Yohanna ya yi tari a ɗaka. Majo ya ji, na san ya ji. Ya dube ni, ya ce, "To, in ya dawo ki ce na zo."

Sau uku ya zo cikin kwana tara, sau uku na yi masa ƙarya. Ni, mai ɗauke da Littafi Mai Tsarki kowace Lahadi! A raina sunan mijina ya zo rubutawa a kai wa hukuma.

Ran na tara da rana tsaka Yohanna ya kira ni. Cikinsa ya kumbura, leɓensa ya tsage. Ya ce, "Muryar wa na ji ɗazu?"

Na ce, "Mai gawayi ne."

Ya ce, "Saratu, ki daina. Ba korona za ta kashe ni ba, kin sani, na sani. In ɗaukata za su yi, su ɗauka. Ba ni iyawa kuma."

Na fita bayan rumbu na zube a kan rairayi mai zafi. Addu'ar da na yi ba mai kyau ba ce. Na ce, "Ubangiji, ban yarda da kowa ba. Kai ma ban yarda da kai ba. In kana ji na, ka cire mini wannan abu, ya fi ƙarfina!" Ban ji wata murya ba. Amma da na ɗaga kai na ga abin da na ƙi gani: duk garin nan ba wanda ke tsaye tsakanin mijina da taimako sai ni.

Na ɗaura kallabi na tafi likita a ƙasa.

Majo bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe jakarsa ya nuna mini kwalba. Ya ce Rabi ce ta zo masa da kuka, tana jin nishin Yohanna ta bayan katanga. Shi kuma ya yi ta waya har ya sami lokotoron Yamai, aka haɗa shi da wani a Maraɗi, aka aiko da maganin. Ya ce, "Tun zuwana na farko yana cikin jakar nan."

Kwana tara! Nan take ya biyo ni gida da kwalbar.

A ranar Yohanna ya yi barci kamar jariri. Majo ya auna shi, ya ce ba zazzaɓi, ba wanda zai ɗauke shi ko'ina. Ya koya mini lokutan magani, da yadda zan juya shi kada bayansa ya yi gyambo, da yadda zan jiƙa masa baki in ya kasa haɗiya. Duk sati sai ya kira lokotoro a waya su yi magana da mai jikin. Matan zumunta suka riƙa tsayawa bayan katanga suna waƙa, Yohanna kuma yana bin su da leɓe.

Na durƙusa na nemi gafarar mijina. Ya dafa kaina ya ce, "Kin tsare ni iyakar wayonki. Yanzu ki bar wa Allah tsaron."

Ya ƙara sati bakwai. Ya tafi da hantsi, a kan gadonsa, kansa a cinyata, ba cizon zane.

Ban zo in ce muku an warkar da mijina ba. Ni aka warkar. Har yau zargi yakan taso mini, sai in kira sunan Yesu tun bai zauna ba. Na gode wa Ubangiji da bai bar ni a wannan hali ba.

Ke da ke jinya, kai da ke jinya, ku dogara ga Ubangiji. In ya aiko mutum, kada tsoro ya sa ku kore shi. Ni na kora, kuma ba jikina ne ya sha azabar ba.

Yabo ga sunansa. Amin!